Kwandon lotsattsu

Juma'a, da dare.

Yau kwanan Kawu bakwai da rasuwa. Ban jima da shigowa ba, ƙurar hanya har cikin kunnena, amma na san in na kwanta ban rubuta ba, gobe rabin abin zai zube.

Ƙarfe shida ina tashar Unguwa Uku, shaf na manta yau kasuwar Wudil ke ci. Kafin mu kai gada, motocin shanu sun toshe hanya, muka yi ta tafiyar hawainiya. Hazo ya rufe kogin ruf, sai dai ka ji muryar masu ɗibar yashi a ƙasa, ba ka ganinsu. Sai wajen tara na sauka a garinmu.

Tun daga bakin tasha ƙamshi ya tare ni. Na ɗauka hancina ne ke mini gizo, don tun ranar da aka kai Kawu makwanci ba a hura wuta a gidan burodinsa ba. Ashe jiya da daddare aka hura. Yaya Babba, babban ɗansa, yana cikin masu cewa sadakar uku da ta bakwai ba su da asali, kuma ya faɗa a fili cewa ba za a daka gumba ba, ba za a toya waina ba. Inna tana ɗakin takaba ta aiko masa: to kada a kira shi sadaka, a ce aiki aka koma, a kwaɓa buhu biyu. Da burodin ya fito kuma ba wanda ya yi maganar kuɗi. Haka aka raba gardamar, kowa ya tsira da nasa.

Na durƙusa a kan tabarmi na bi manya ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya kyautata namu zuwan. Bakina ya yi ta faɗa, hankalina yana kan bencin da ke jikin bangon gidan burodi, inda tsofaffi huɗu suke zaune sun bar gurbi ɗaya a tsakiya. 'Yan ajinsu ne na firamare. Tun ina yaro nake ganinsu a wannan benci kullum bayan la'asar: tsohon hedimasta, tsohon soja, wani da ya yi tuƙin babbar mota har idonsa ya mutu, da wani manomi da ban taɓa jin ya yi magana ta wuce biyu ba. Kawu kan fito da fulawa har gira, ya zauna a tsakiyarsu, a aiko da shayi daga teburin tsallake, a yi ta musun siyasa har a kira magariba.

Baba Hedimasta ne ya yafito ni. Ya ce, "Kai ne akantan nan na Kano ko? Zauna ka ji. Kawun naka tun muna aji uku malamin lissafi ya sallama shi. In aka ce kana da goro goma ka ba mutum uku, saura nawa, sai ya tsaya yana tambayar su nawa ne a wurin." Suka kwashe da dariya a wurin zaman makoki, har wasu suka juyo. Sojan ne ya fi kowa dariya, shi ne kuma dariyar ta juye masa, ya ja hularsa ya rufe fuska.

A bakinsu na ji abin da ban sani ba. Da suka gama aji bakwai, hedimasta ya wuce kwalejin horon malamai, Kawu kuwa babu halin ci gaba, sai ya bi motar gyaɗa zuwa Kano. A Sabon Gari ya koyi aikin, wurin wani Bayarabe, yana kwana a kan buhunan fulawa, yana kwaɓi da hannu a komi tun babu injin murzawa. Da ya dawo gida ya gina tanderunsa da jan bulo, mutane suka ce wa zai bar koko da ƙosai ya ci wannan abu mai kama da soso. Bai jima da samun kansa ba, a 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, aka ce a noma ta a gida, a Kadawa da sauran wuraren noman rani. Fulawa ta zama sai ta sumoga, gidajen burodi da yawa suka rufe. Direban ya ce a shekarun nan Kawu ya gwada haɗawa da garin masara, burodin ya fito kamar tubali, su huɗun nan ne suka riƙa cinyewa don kada ya karaya. Sai a 1992 aka ɗage hanin. Ya ce, "Haƙorana biyu a wannan burodin suka tafi, kuma ban yafe ba."

Bayan an sauko daga masallaci na zagaya baya wurin tanderu. Mai tanderun, wanda ya fi shekara ashirin tare da Kawu, yana shirin zubi na biyu. Na tsaya ina kallo kamar ban taɓa gani ba. Itace ya cinye ya zama garwashi, ya jawo shi waje da ƙarfe mai lanƙwasa, ya ɗaura jiƙaƙƙen buhu a kan gora ya share cikin, tururi ya taso. Sai ya zura hannu zuwa gwiwa, ya yi shiru yana ƙirge a zuci, ya zaro ya ce da saura. Babu ma'aunin zafi a wurin, fatar hannunsa ce ma'auni. Gwangwanaye na jere a kan katako an shafe su da mai, kwaɓin ya tashi ya yi tozo. A bayan tanderun akwai wata 'yar rumfar kwano da na daɗe ina ɗauka ta ajiyar itace ce. Ya ce a'a, ta almajirai ce. Da hunturu bangon kan riƙe ɗumi har asuba, yara kan zo su manne da shi su yi barci, shi ne Kawu ya sa aka kafa musu rumfa aka kare gefen da iska ke bugowa.

Sai na ga kwandon. Yana nan a bakin ƙofa inda yake tun ina ɗan sakandare, an ɗaure bakinsa da waya. Kwandon lotsattsu. Duk burodin da ya lotsa ko ya ƙone a nan ake jefa shi, kuma kowa na iya zuwa ya ɗauka, ba a tambaya. Bayan rasuwar Babanmu, shekara uku cur da abin da ke cikin kwandon nan muke karyawa. Mahaifiyarmu kan ce, je ka gidan kawunka ka duba ko an samu wanda ya lalace. Kullum kuwa ana samu. Ban taɓa jin kunyar ɗauka ba, ai abin zubarwa ne, taimakonsa ma nake yi.

Na ce wa mai tanderu, "Har yanzu tanderun nan yana ɓata burodi?"

Ya dube ni ya daɗe. Sai ya ɗauko guda cikin zubin safe, lafiyayye, ya riƙe shi a hannun hagu, ya sa babban yatsa na dama ya danna gefensa har ya shige. Ya ce, "Kash, wannan ya lotsa, ba mai saye." Da muryar Kawu ya faɗa, har da jan ƙarshen maganar. Ya jefa a kwando. Ya ce kowane zubi haka Alhaji yake yi (Alhaji suke ce masa, ko da yake bai taɓa zuwa ba), yana tsaye ana zazzagewa daga gwangwani, tun da zafinsa. In an samu rasuwa a unguwa ko wani magidanci ya kwanta ciwo, ranar tanderu ya fi ɓarna.

Na rasa inda zan sa idona, saboda abin da na yi a 2023.

Shekarar ta zo wa masu burodi da wuya. Tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022 alkama ta tashi. Ƙarshen 2022 aka canza kuɗi, farkon 2023 takardar naira ta ɓace, masu shayi suna karɓar burodi ba su da abin biya, tura kuɗi ta waya kuma sai ya maƙale. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, sai kuɗin dakon fulawa da na itace da na leda duk suka bi. Buhun fulawa mai kilo 50 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Yaya Babba ya kira ni ya ce in zo in duba musu littafi, tunda aikina ke nan. Na zo da kwamfutata, na kwana biyu ina jera lambobi. Na buɗe layi guda na sa masa suna "lalatattu", na ga abin da yake ci a wata, na zauna gaban Kawu ina masa bayani kamar ɗan aji ɗaya. Na ce tanderunsa ya tsufa, zafi ba ya bazuwa daidai, a rushe a sake, ko a canza gwangwanaye. Na ce a daina ba masu shayi bashi, a rage nauyin kwaɓi kamar yadda kowa ya yi. Har na ce masa, Allah ya yafe mini, "Kawu, wannan ba kasuwanci ba ne."

Ya saurare ni har na gama. Ya ce rage nauyi ba zai yi ba, gara ya ƙara kuɗi mutum ya san abin da ya saya. Ya tuna mini lokacin da hukumar NAFDAC, zamanin Dora Akunyili, take bi gidajen burodi tana neman maganin nan da ake zubawa burodi ya kumbura ya zama iska, ya ce sun zo sun duba ba su samu ko ƙwaya ba. Maganar tanderu kuwa, sai ya yi murmushi ya ce, "To ɗan nan, za a duba." Na koma Kano ina ce wa matata tsofaffi ba sa jin shawara.

Da la'asar na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma, ba kwalli ba ɗan kunne, carbi a hannu. Bayan gaisuwa na kasa riƙewa na ba ta labarin yatsa. Ko gezau. Ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka sani ba, da yara. Wace mace ce a garin nan ba ta sani ba? Wane irin tanderu ne yake lotsa burodi daidai girman yatsa, kullum a gefe ɗaya? Uwarka ma ta sani. Shiru kawai aka yi masa, shi ma ya yi mana shiru."

Inna ba ta yi masa irin yabon da ake yi a waje ba, kuma na fi yarda da nata. Ta nuna mini rufin ɗakin, damina uku yana yoyo. Sau biyu yana tara kuɗin kujerar Makka, sau biyu suna bin iska: ɗaya aikin asibitin matar wani ma'aikacinsa, ɗayan har yau ba ta san inda ya shiga ba. Ta ce sun sha faɗa a kan haka, ta taɓa yin yaji sati biyu. "Mai kyauta daɗin sha'ani gare shi in kana maƙwabcinsa," in ji ta. "Ka zo ka aure shi ka gani." Sai ta yi shiru, ta ja carbi, ta ce amma a shekara arba'in bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba.

Ni dai har yanzu ban ce lissafina kuskure ne ba. Lambobin daidai suke. Akwai bashin fulawa da sukari na wani dila a kasuwar Singa, kuma ba ƙarami ba ne, yana nan yana jiran magada. Rufin Inna ma gaskiya ne. Abin da na kasa gani shi ne layin da na kira ɓarna, a cikinsa aka yi mini karin kumallo shekara uku, da shi na yi jarrabawar da ta kai ni inda na koyi jera lambobin.

Bayan magariba aka zauna da liman da Yaya Babba da Baba Hedimasta. Liman ya ce abin da kowa ya sani: sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado. Sannan ya ƙara wanda ban yi tunaninsa ba. Bashin da Kawu yake bin mutane, na masu shayi da masu kanti, yanzu ba nasa ba ne balle a ce ai da yana nan da ya yafe. Ya zama haƙƙin magada. Manya na iya yafe rabonsu in sun so, amma ƙananan biyu ba su balaga ba, kuma ba mai ikon yafe dukiyar maraya. Yaya Babba yana son a sayar da gidan burodin a huta. Ƙaninsa yana son a ci gaba. Ma'aikata shida suna waje suna jiran su ji. Ba a tsayar da komai ba, sai dai an miƙo mini littattafan, guda uku, masu bangon kwali, duk sun sha mai da fulawa, aka ce in tantance wa ake bi, wa ke bi, nan da Juma'a mai zuwa.

A mota na buɗe na farko da fitilar waya. Rubutun ajami ne rabi, rabi boko. Wasu sunayen ba sunaye ba ne ma: mai shayin bakin asibiti, na gindin ɗorawa, yaron nan mai tari. Da yawa an ja musu layi, kuma babu yadda za a yi in gane wanda aka ja don ya biya da wanda aka ja don Kawu ya gaji da ganinsa.

Na iso gida yara ba su yi barci ba. Mai tanderu ya cusa mini leda a jaka ban lura ba, burodi uku. Ƙaramar ta zaro ɗaya ta juya shi, ta ce, "Abba, wannan an danna shi." Uwarta ta ce ta ajiye sai da safe. An ɗauke wuta. Littattafan suna kan tebur, gobe in Allah ya kai mu zan fara da na masu shayi.