Tsibiran Maldibs: inda ruwa ke nuna maka ƙasansa

Na sauka a filin jirgin sama na Velana da hantsi a watan Fabrairu, bayan canjin jirgi a Doha. Agogonsu ya riga na Najeriya da awa huɗu. A nan ake buga bizar kwana 30 kyauta, amma sai ka nuna tikitin komawa da shaidar kama masauki, kuma ka riga ka cike fom ɗin shige da fice da ake kira Imuga ta intanet a cikin awa 96 kafin isowa. Wanda ya taso daga ƙasashenmu kada ya manta da katin allurar shawara. Giya da naman alade ba sa shiga ƙasar, domin ƙasar Musulmi ce tun 1153.

Tsibiran sun kusa 1,200, an jera su zobe-zobe har 26 a Tekun Indiya, kowane zobe da tafki a tsakiyarsa. Babu kogi ko ɗaya a ƙasar, don haka babu laka ko taɓon da zai kwararo ya gurɓata teku. Rairayin kuma garin murjani ne, wato dutsen da ƙananan halittun teku ke ginawa, fari fat, yana saurin kwantawa idan an tayar da shi. Abin da ya sa ke nan kake tsaye ruwa iya ƙirji kana ƙirga yatsun ƙafarka.

Kwana ɗaya ya ishi Male, babban birnin, saboda cunkoso da babura. Na yi sallah a babban masallaci, na kuma leƙa Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gina a 1658 da dutsen murjani sassaƙaƙƙe. Washegari na nufi kudu.

Maafushi tana da nisan kilomita 27 ko kusa da haka daga Male. Jirgin ruwa mai gudu yana kai ka cikin minti 30 zuwa 45 a kan wajen dala 25. Jirgin fito na gwamnati yana cin awa ɗaya da rabi, kuɗinsa 'yan daloli ne kaɗan, sai dai ba ya tashi ranar Juma'a, kuma da yawa sun kwana Male ba shiri saboda wannan. Tun 2009 aka ba mazauna tsibirai damar buɗe ƙananan masaukai, kuma Maafushi ce ta fi cin moriyar hakan. A ganina wurin ajiye jaka ne da shirya fita teku da araha, ba wurin neman kyakkyawar gaɓa ba. Bakin ruwan ƙarami ne, jama'a sun yi masa yawa, injinan jirage kuma suna dama shi tun safe.

Gulhi, wadda jirgin fito ke tsayawa kafin Maafushi, ta fi ta nesa ba kusa ba. Ana zagaye tsibirin da ƙafa cikin minti ashirin. Tafkin gabanta shimfiɗaɗɗe ne, marar zurfi, launinsa tsakanin shuɗi da kore, kana iya takawa mai nisa ruwa bai wuce ƙugu ba. Mai iyali da yara, ko wanda bai iya iyo ba, nan ya kamata ya fara. A irin waɗannan tsibirai ana killace wa Turawa gaɓarsu daban, sauran wurare kuwa da sutura ake shiga ruwa, mata da hijabinsu, babu mai kallon kowa. Shaguna suna rufewa lokacin sallah. Karin kumallo mas huni ne, wato kifin tuna da aka marmasa da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono, a ci da roshi, wata siririyar gurasa.

Inda na fi so mutum ya kashe kwanakinsa shi ne Dhigurah, a kudancin zoben Ari. Awa biyu ce a jirgi mai gudu daga Male, ko a hau ƙaramin jirgin sama zuwa Maamigili sannan a ƙarasa ta ruwa. Sunan yana nufin dogon tsibiri, kuma haka yake: ƙauyen yana kan arewa, daga nan hanya ta ratsa itatuwan kwakwa ta yi kudu, tsibirin yana tsukewa har ya zama harshen rairayi da teku dama da hagu. Tafiyar ta kusa awa guda, babu shago, babu inuwa a ƙarshenta, saboda haka a ɗauki ruwan sha aƙalla lita biyu da hula. A tambayi mai masauki lokacin janyewar ruwa kafin a fita. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma idan ya cika yana shanye bakin harshen. Kada a yi iyo daidai ƙarshensa, domin nan ruwa ke matsewa ya yi gudu.

A wajen wannan zobe ake ganin kifin shak mafi girma a duniya duk tsawon shekara. Ba ya cin mutum, ƙananan halittun ruwa yake tacewa. Ƙa'ida ita ce ba a taɓa shi, ba a tare masa gaba, a bar tazarar mita uku zuwa huɗu.

Batun lokaci shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane tafiya. Daga Disamba zuwa Afrilu iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, suna kiranta iruvai: sama garau, teku kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba sai hulhangu, mai ruwan sama da igiyar ruwa, inda jirgi mai gudu kan yi ta dukan ruwa har mutum ya yi amai, wani lokaci a soke tashi gaba ɗaya. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: gefen zoben da ruwan babban teku ke shigowa shi ya fi haske. A iruvai gabas ne, a hulhangu yamma. Ɗaya gefen yana tara ƙananan halittu ya ɗan yi duhu, shi ya sa manyan kifaye masu fukafukai da ake kira manta ke taruwa a Hanifaru, a zoben Baa, a watannin damina.

Kayan kallon ƙarƙashin ruwa uku ne: gilashin fuska, bututun numfashi da takalmin iyo. Gwada gilashin tun a tudu: manna shi a fuska ba tare da ɗaure igiya ba, ka ja numfashi ta hanci, idan ya faɗo zai yi yoyo. Gashin baki ma yana sa yoyo. Ɗigon sabulun jarirai a goga a ciki a ɗauraye yana hana shi hazo. Rigar ceto dole ce ga wanda iyonsa na kududdufi ne, musamman kusa da kandu, wato mashigin da ke tsakanin duwatsun murjani. Idan ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi, ka yanke gefe kana ɗaga hannu. Kada a taka murjani: abu ne mai rai, yana karyewa, kuma yankansa yana saurin ruruwa idan ba a wanke da sabulu da ruwan daɗi nan take ba. Rana a nan tana ƙona baƙar fata ma, musamman ƙeya da bayan ƙafa, don haka riga mai dogon hannu ta fi.

Wajen biyan kuɗi, a tambaya ko farashin ya haɗa da haraji da ladan hidima da harajin muhalli na kowane dare, domin idan aka ɗora su lissafi yana hawa da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. A riƙe sababbin takardun dala, ba sa karɓar yagaggu, da ɗan canjin rufiya, kuɗin ƙasar, na shayi da jirgin fito.

A harshen rairayin Dhigurah na ga wuri zube a bakin ruwa, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi. Kaso mai yawa na wancan kuɗin wuri daga tsibiran nan aka kwaso shi, ya bi jirage da ayari har ƙasar Hausa. Sai na juya guda a tafin hannu na mayar inda na same shi.