Ragar gansakuka a sabon tankin ruwan gishiri: abin da ta koya min

Ni dai kiwon kifi na karanta a makaranta, kuma duk abin da hannuna ya saba da shi tarwada ce, tankin siminti, ruwa ya yi kore ya fara wari ka buɗe ka zubar ka tara sabo, shi ke nan. To sai Allah Ya haɗa ni da wani bawan Allah a Abuja da yake haɗa wa otal-otal da gidajen masu hali tankin gilashi na kifin ado, na fara bin shi aiki. Ina wata na huɗu a wajensa aka ba mu aikin tankin ruwan gishiri irin na teku, lita 400, sai ya ce ni zan kula da ragar gansakuka, wato ragar da ake barin gansakuka ta tsiro a jikinta don ta tace ruwan. Na ce Oga gansakuka kuma? abin da kullum muke kankarewa a jikin gilashi shi za mu shuka da hannunmu? Ya ce eh, ai ko ka so ko ka ƙi sai ta fito, gara ka gina mata ɗakinta ta zauna a can.

Ga wanda bai san abin ba, kifi in ya ci abinci yana fitar da amoniya, ita kuma guba ce, sai wasu bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu su mai da ita naitirait, wasu kuma su mai da naitirait ɗin ya zama naitiret. To naitiret ɗin nan da fosfet su ne suke taruwa a ruwa, kuma a zahiri taki ne. A wajen tarwada ba damuwa, ruwan rijiyar burtsatse ne ka zubar. Amma nan fa ruwan teku muke haɗawa a garin da ba teku, sai an tace ruwan da injin RO, mai cire abubuwan da suka narke a cikin ruwa, sannan a zuba gishiri na musamman da ake shigowa da shi daga waje, ba na miya ba, wajen giram 35 a kowace lita, kun ga lita 400 ta ci kusan kilo 14 kenan, duk bokitin da ka zubar kuɗi ka zubar. Shi ya sa dabarar ta burge ni sosai da na gane ta: ka bar gansakuka ta cinye takin, in ta yi kauri ka kankare ta ka jefa a shara, datti ya fita ruwanka yana nan. Wani masani ne Walter Adey na cibiyar Smithsonian da ke Washinton ya fito da tsarin a ƙarshen shekarun 1970, bayan ya lura da yadda gajeriyar gansakuka take tsiro da sauri a kan duwatsun murjani, wato wata halittar teku mai rai da ke gina dutse, a tekun Karibiyan, kifaye suna kiwonta tana sake fitowa.

Haɗa ta ba wuya. Raga ce ta roba mai ƙananan ramuka, na goge ta da haƙoran zarto har ta yi kaushi tana kama yatsa, don in tana santsi gansakukar zamewa take. Na tsaga bututun PVC a tsaye na rataya ta a ciki, famfo yana turo ruwa yana gangarowa a jikinta kamar labule, fitilun LED ja guda biyu gaba da baya, duk a cikin ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban.

Ranar da muka cika tanki ranar na kunna fitilun, awa 18 a rana, da cikakken ƙarfinsu, don haka na karanta ana yi. Ba kifi ko ɗaya a ciki, duwatsun ma busassu ne sababbi. Sati ɗaya ba komai. Sati biyu sai ɗan yauƙi ruwan ƙasa a gefe-gefe, tsakiyar kuma daidai inda haske ya fi bugawa fari fat, da ɗan rawaya a kewaye. Ni kuma a tunanina haske ne bai isa ba sai na ƙara awanni na kuma matso da fitilun kusa, wallahi ɗan abin da ya fara kamawa ma ya gudu. Raina ya ɓaci sosai lokacin, don aikin farko ne da aka damƙa min ni kaɗai kuma ina so ya yi kyau.

Da Oga ya zo bai yi faɗa ba, ya tsuguna ya leƙa ya ce, me ka ba ta ta ci? Na yi shiru. Ya ce ɗauko kayan gwaji. Muka auna, naitiret babu, fosfet babu. Ya ce to ka gani, ka shuka gero a rairayi ba taki ba komai ka sa masa ranar watan Afrilu a ka. Maganar nan ta zauna min har yau, saboda abin da na sani ne tun a aji, gansakuka sai da abinci take girma, amma da na zo kan aiki sai hankalina duk ya tafi kan na'ura, famfo da fitila da awanni, na manta cewa awa 18 ɗin nan an faɗe ta ne don tankin da ya daɗe, mai kifi da yawa ana ciyar da su kullum. Sabon tanki ba shi da dattin da za a tace. Haske mai ƙarfi a kan gansakukar da ba ta da abinci ƙona ta yake.

Muka rage zuwa awa 9, muka sa farin ƙyalle tsakanin fitila da raga ya rage kaifin hasken, muka bar bakteriya su kafu tukuna, wanda shi kansa yakan ci sati 4 zuwa 6. Da amoniya da naitirait suka sauka muka sa kifi biyu kawai, irin masu ruwan lemo da farin zane ɗin nan, bayan sati biyu muka ƙara. Sai ga raga ta fara rufewa da ruwan ƙasa, daga baya kore ya fara leƙowa ta ƙasa-ƙasa, ni kuma ina ƙara awa ɗaya ɗaya.

Sai kuma na sake yin wani kuskuren, wanda ya fi min ciwo. Wankin farko na sa buroshi na dirje ta tas har ta koma sabuwa, don ni a sanina wanki kenan. Ashe saiwar na cire, sai da muka sake jiran kusan sati uku. Yanzu tsohon katin ATM nake amfani da shi, in cire ragar in kai wajen wanki, ba a cikin tanki ba, in kankare saman in bar abin da ya maƙale a ramuka, in ɗauraye da ruwan famfo na ɗan lokaci don ya kashe ƙananan ƙwarin ruwa da ke cin ta, in mayar da sauri kafin ta bushe. Kwana 7 zuwa 14 nake yi, in ka wuce haka na sama yana rufe wa na ƙasa haske, na ƙasan ya mutu ya ruɓe ya mayar da dattin cikin ruwa har ruwan ya fara rawaya.

A hankali sai na fara karanta launinta tun kafin in ɗauko kayan gwaji. In ta yi baƙi-baƙi tana maiƙo, taki ya yi yawa haske ya yi kaɗan, sai in ƙara haske in riƙa wankewa akai-akai. In ta yi rawaya ko tsakiya ya yi sanƙo, haske ya fi ƙarfin abinci ko ruwan ba ya gangarowa daidai, wani lokacin gansakukar ce ma ta toshe tsagar bututun. In ta yi kore shar kamar gashi, tana ƙamshin teku, to lafiya lau. Kuma ba a so ta cinye komai ƙarƙaf, in naitiret da fosfet suka koma babu gaba ɗaya murjani kansa, in akwai shi a tankin, yana kodewa.

Da dare muke kunna fitilunta, lokacin da na babban tanki suke kashe, saboda tana shan iskar kabon ta hana pH faɗuwa, wato ta hana ruwan ƙara tsami, kafin asuba. Matsalar wuta kuma ta koya mana nata karatun, wata rana aka ɗauke da rana tsaka famfo ya tsaya na awanni, muka tarar rabin ragar ya bushe ƙamas, tun daga nan famfon yana kan inbata.

Watan jiya muka haɗa wani sabon tankin a wani gida. Na rataya raga, na saki ruwa yana bin ta, fitilun kuma na naɗe wayarsu na ajiye a gefe. Mai gidan ya ce Malam wannan ba ta aiki ne? Na ce ranka ya daɗe tana yi, sai kifi sun fara cin abinci zan kunna. Jiya na koma da ɗan guntun kore da na kankaro daga tsohuwar ragarmu a leda, na goga mata, na saita awa 8.