Katangar da muka zana a hanyar Koko

A shekararmu ta ƙarshe a sashen koyon zane, malaminmu ya ce ba zai karɓi aikin kammala karatu a kan takarda ba. Mu fita, in ji shi, mu nemi bangon da jama'a ke gilmawa ta gabansa. Mu bakwai muka haɗa kai, muka zaɓi wani zangon motoci a kan titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Jega da Koko da Yauri, ya nufi Kwantagora. Wanda ya saba bin hanyar ya san irin wurin: gidan mai, ɗan masallaci, rumfunan abinci, mai tsire, ga tireloli sun yi layi, wata da shanu, wata da albasar Aliero, wata da buhunan shinkafa, duk sun sa gaba Kudu. A gefe akwai doguwar katangar bulo, ba komai jikinta sai lambar wayar mai maganin basir da aka rubuta da gawayi.

Mai gidan man ya ba mu izini a rubuce, muka ɗauka an gama. Ranar farko muna jingina tsani, mai shayin da bencinsa ke gindin katangar ya ajiye kofi ya ce, "Samari, wa ya aiko ku?" Na zaro takarda. Ko kallonta bai yi ba. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana shan inuwar katangar nan, ba wanda ya ce da shi uffan. Kwana biyu muka yi ba mu buɗe gwangwanin fenti ba, sai gaishe-gaishe: shi, shugaban direbobi, matan da ke sayar da tuwo, sannan liman.

Wurin liman ne tsarinmu ya rushe. Mun shirya cika katangar da masuntan Argungu, daga wannan kai zuwa wancan. Ya ja ni har ƙarshenta ya nuna mini ƙasa, duk shatin tabarmi. Idan motoci suka taru da azahar, masallacin ba ya ɗaukar mutane, nan ake yin sahu, kuma katangar ce a alƙibla. "Ɗana," ya ce, "ka yi salla kana fuskantar mutum riƙe da kifi?" Ban iya cewa komai ba sai "Gaskiya ne, Malam." Kashi ɗaya cikin uku na bangon ya koma dagi da irin zanen da magina ke yi a fuskar zaure. Har yau ina jin zafin makonni ukun da na ɓata a kan wancan ɓangaren, don a nan zanena mafi kyau yake. Amma ni ma a sahun nake salla kullum muna aikin, kuma ba zan so idon masunci a kaina ba.

Abin da ya fi ba ni kunya ya zo a mako na biyu. A aji ni ne gwanin ƙananan layuka, har ɓawon kifi ɗaya bayan ɗaya nake fitarwa. Wani mai rubutun jikin manyan motoci, wanda ko firamare bai gama ba, ya tsaya yana kallona, can ya ce in sauko mu tsallaka titi. Daga can, aikin da na kwana huɗu a kai ya zama kamar an watsa wa bango ruwan kwata. Ya nuna mini bayan wata tirela: launi uku kacal, layi mai kaurin yatsa biyu, zakin ana ganinsa tun daga nesa. Ya ce matafiyi minti nawa gare shi? Ya kama ruwa, ya yi alwala, ya yi salla, ya ci abinci, kwandasta na buga mota. Idan bai gane zanen ba yana tafe yana goge hannu, ba zai dawo ya duba ba. Na shafe komai. Giwan ruwa guda na zana a madadinsa, tsawonsa ya fi na mutum biyu.

Masuntan da suka rage ma ba su tsira ba. Wani dattijo Bakabe ya sauko daga motar Legas, ya tsaya da butarsa a hannu, ya ce, "Wanga sun na wane gulbi na? Ba dai Matan Fada ba." Mun ba su ragar jefawa, don ita muka gani a wani hoto a intanet. Ya ajiye butar ya buɗe hannuwansa biyu, ya nuna yadda ake riƙe homa, wato ragar hannu ta masuntan Argungu, da yadda mutum ke kifa ciki a kan gora ya yi iyo, in ya kama kifi ya zura a bakin goran. Mu da muka haddace cewa bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba ɗayanmu da ya taɓa riƙe homa. Ya ƙi tafiya sai da ya ga na gyara da alli, direbansa na ta danna oda.

Sauran wahalar ta kayan aiki ce. Da hunturu muka yi aikin, duk tirelar da ta wuce sai ta yayyafa wa ɗanyen fenti ƙura, dole muka koma farawa bayan asuba, muna yayyafa ruwa a ƙasa. Don tsimin kuɗi muka sa fentin ruwa a ƙasan bangon ba tare da mun kankare shi ba. Malam ya ba mu maki mai kyau a watan Fabrairu. Damina ba ta duba makin ba, kafin Agusta danshi ya taso daga tushe, ƙafafun masuntan duk suka ɓare.

Bara na bi ta wurin zan je Yauri. Dagin yana nan garau. An manna fastar wani ɗan takara a kan wutsiyar giwan ruwan, amma daidai faɗin bencin mai shayi ba tabo ko ɗaya, ya ce shi ke korar masu manne-manne. Na ji wani direba a waya yana cewa, "Ina nan wajen kifi, ka same ni." Da na miƙa kuɗin shayi, mai shayin ya ture hannuna.

"Riƙe abinka. Yaushe za ku zo ku mayar wa mutanen nan da ƙafafunsu?"