Yadda finafinan Kalkata suka koya mini yanka littafi

Aikin farko da aka ba ni na mayar da littafi fim, wata biyu na kwashe a kansa, aka dawo mini da shi cikin kwana biyu. Littafi ne na zaman gidan aure, wata Hajiya ta rubuta, ya karɓu sosai a wurin mata. Furodusa ya biya ta haƙƙinta, ya miƙo mini kwafi, ya ce, "Malam, amana ce fa, kada ka taɓa mata komai." Ni kuwa na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Duk abin da ta sa a bakin mutum na kwafe shi, duk abin da ta ce matar gidan tana saƙawa a ranta na mai da shi zancen zuci. Rubutu ya tashi shafi ɗari biyu da ɗoriya. Da darakta ya karɓa, sai ya auna shi a tafin hannu kamar mai tayin doya, ya ce in wannan za a ɗauka, to a shirya kwana arba'in a lokeshan, a kuma nemo wanda zai ciyar da jama'a.

Akwai wani dattijo da ke mana aikin tace hoto, tsohon ma'aikacin gidan talabijin ne, kowa Baba yake ce masa. Shi ya same ni a bakin ofis na yi tagumi. Ya ce, "Ɗana, kana kallon finafinan Indiya?" Dariya ta kama ni. Wane Bahaushe za a yi wa wannan tambaya? Ya ce, "Na Bombai kake kallo. Kawo wayarka." Ya tura mini finafinai biyu marasa kala, ba rawa, ba dambe, da fassarar Turanci a ƙasan allo. Ya ce in kalla, in nemi littattafan da aka ciro su in karanta, sannan in zo mu yi magana.

Ashe Indiyar da na sani ɓangare guda ce. Can gabas akwai yankin Bengal, rabinsa a Indiya da birnin Kalkata, rabinsa shi ne ƙasar Bangladesh ta yau, harshensu Bengali. Masu fim na Kalkata tun fil azal daga rumbun marubutansu suke ɗiba. Ko Devdas da muka sha kuka a kansa a 2002, da Shah Rukh Khan, asalinsa littafin Sarat Chandra Chattopadhyay ne na 1917, kuma an yi shi da harshen Bengali tun 1935, kafin na Dilip Kumar na 1955. Na ji kunya da ban san wannan ba, ni da nake cika baki da sanin fim.

Na farko cikin biyun shi ne Pather Panchali na Satyajit Ray, wanda ya fito a 1955, daga littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay na 1929. Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye: uba Harihar, malamin addininsu da kullum yana yawon neman abin sawa a baka, uwa Sarbajaya, wadda babu ta sa bakinta ya yi kaifi, 'yarsu Durga da ƙanenta Apu, sai wata tsohuwa tukuf, Indir, dangin maigidan, da ke raɓe a gidan. Durga takan tsinko gwaiba a gonar maƙwabta ta kai wa tsohuwar a ɓoye. In ka cire sutura da gumakan, gidan nan na san shi, na san irin tsohuwar nan da ake ƙirga mata loma.

Daren farko na kalla ne kawai, na yi shiru. Sai da na samo fassarar littafin na ajiye su kafaɗa da kafaɗa, sannan idona ya buɗe. A littafin, tsohuwa Indir tun a kashin farko take mutuwa, Apu bai ko yi wayo ba. Ray ya ƙi. Ya bar ta da rai har tsakiyar fim, ya bari muka saba da tafiyarta a duƙe da waƙarta ta dare, sannan ya haɗa mutuwarta da ranar da yaran suka fi kowace rana murna. Sun bi ta cikin wata ciyawa mai farin fure da suke kira kash, sun manna kunne a jikin turken waya suna sauraron ƙugi, sai ga jirgin ƙasa ya keto da baƙin hayaƙi. A hanyar dawowa suka tarar da tsohuwar zaune a cikin gora, kai a sunkuye. Durga ta girgiza ta, sai ta ɓingire. A littafin ma Durga har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa ganin jirgi ba. Wato fitowar da duniya ta fi tunawa da ita a fim ɗin nan, mai littafin bai rubuta ta haka ba.

Na koma wurin Baba da zafina. Na ce, "Baba, ai wannan cin amana ne. Ya raya wadda aka kashe, ya nuna abin da ba a gani ba." Ya ce, "To da ka gama kallo, wani littafi ka ji ka karanta, ko shi?" Na rasa ta cewa. Gaskiya shi ne. Talaucin nan, ƙuruciyar nan da ba ta san ana talauci ba, duk suna nan, har sun fi matsowa kusa. Mai karatu yana iya binne tsohuwa a shafi na hamsin ya ci gaba da tuna ta har ƙarshe, domin marubuci zai riƙa dawo masa da ita. Mai kallo kuwa abin da ya bar allo ya bar shi. In ka ɗauke tsohuwar da wuri, ka ɗauke wutar da ke tsakaninta da uwar gida, gidan ya yi sanyi.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, Ray ba baƙon littafin ba ne da za a ce bai san darajarsa ba. Yana aikin zane a kamfanin talla, shi ya yi wa wani gajeren bugu na littafin zane-zane don yara, shekaru kafin ya taɓa kyamara. Maimakon cikakken rubutun fim irin nawa mai nauyin doya, zane ya yi ta yi, hoto bayan hoto, yana nuna wa masu kuɗi suna juya masa baya. Ya fara ɗauka a 1952 da kuɗin aljihunsa, mai riƙe masa kyamara, Subrata Mitra, saurayi ne ɗan shekara 21 da bai taɓa ɗaukar fim ba. Kuɗi suka ƙare har aka jinginar da gwala-gwalan matarsa. Daga baya gwamnatin Bengal ta Yamma ta sa hannu, har ana ba da labarin cewa a ƙarƙashin gyaran hanyoyi aka rubuta kuɗin, tunda sunan fim ɗin waƙar hanya yake nufi. Fitowar jirgin nan kuwa, sun ɗauki rabi, da suka dawo ƙarasawa suka tarar shanu sun cinye furen, dole aka jira wata shekarar. Duk wanda ya taɓa zuwa lokeshan ya tarar mai gida ya sake fentin falon da aka fara ɗauka a ciki, ya san wannan ciwon. A 1956 fim ɗin ya karɓi kyauta a bikin finafinai na Kan da ke Faransa.

Amma inda na tsaya na maimaita ya fi sau goma shi ne dawowar Harihar. Ya daɗe a tafiya, bai san Durga ta rasu ba. Ya shigo yana kiran yara, ya kwance ƙunshi yana fito da tsaraba, ya miƙa wa matarsa zanen da ya sayo wa 'yar. Ta riƙe zanen, ta sulale ƙasa. Bakinta a buɗe, amma ba ka jin kukanta. Wani abin goge mai siririyar murya ne ya ɗauki kukan, cikin kiɗan da Ravi Shankar ya tsara. Da ni aka ba wannan wuri a lokacin, wallahi shafi uku zan cika: "Maigida, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa maka, bayan tafiyarka ruwa ya doke ta, zazzaɓi ya kama ta..." Abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa, in sake karanta masa shi.

Fim na biyu, Charulata na 1964, shi ya taɓa ainihin matsalata. Daga labarin Rabindranath Tagore aka ciro shi, Nastanirh, na 1901. Matar wani mai hali ce a Kalkata, mijinta Bhupati ya ba jaridarsa duk lokacinsa, ita kuma kaɗaici yana cinta a ƙaton gida, har zuciyarta ta karkata ga ɗan'uwan mijin, Amal. Tagore da alƙalami ya shiga cikin ranta ya faɗa mana. Ray kuma ya buɗe fim da wajen minti bakwai kusan ba magana. Tana yi wa mijin ado a hankici. Ta ɗauko littafi. Ta ɗauki ɗan madubin hangen nesa tana bin wani mai tumbi da laima daga wannan taga zuwa waccan, yana wucewa a titi. Can sai mijin ya gifta ta gabanta, kai a cikin littafi, bai ko san tana tsaye ba. Ta ɗaga madubin ta dube shi, kamar shi ma wani mai wucewa ne a titi. Shi ke nan. Ba wanda ya ce "kaɗaici", amma ka gama sanin auren nan ciki da waje. Gani ya kori ji.

A littafin Hajiya akwai shafi goma sha ɗaya cur na tunanin matar gida a ranar da ta fahimci za a yi mata kishiya. Su ne zuciyar littafin, mata har haddace wasu layukan suke yi. Na soke su duka. Na rubuta cewa da safe masu fenti sun yi sallama da bokitai, yaron gida ya nuna musu ɗakin da take ajiye keken ɗinkinta. Ba wanda ya gaya mata komai. Ta dube su, ta shiga, ta naɗe yadukan mutane ɗaya bayan ɗaya, ta jawo keken da kanta zuwa tsakar gida, ƙafarsa tana kartar siminti. Yaron ya zo zai kama mata, ta ɗaga masa hannu. Ta zauna a rana ta ci gaba da ɗinkin da ta fara. Rabin shafi. Na haɗe ƙawayenta uku suka zama ɗaya, na jefar da wani kawu da tafiyarsa Legas, rubutu ya dawo shafi tamanin da biyar.

Sai dai Ray ya fi ni sa'a a abu guda: lokacin da ya yi waɗannan finafinai, Bibhutibhushan ya rasu tun 1950, Tagore tun 1941. Duk da haka bai tsira ba, sai da masu sharhi suka taso shi a kan sauye-sauyen Charulata har ya rubuta doguwar amsa. Ni kuwa tawa marubuciyar tana da rai, tana da lambar wayata. Ta kira ni bayan isha'i. "Malam, ina shafukana?" Na ce, "Hajiya, suna nan, cikin keken suke." Ta ce ita ba ta rubuta keke ba. Na yi ta kawo mata Kalkata da Tagore, ta bari na gama, sannan ta ce, "Su mutanen naka a sinima ake kallonsu, an kashe fitila, kowa ya zuba ido. Nawa masu kallon waya ce jingine da tukunya, hannu ɗaya na tuƙa tuwo. In aka yi minti biyu ba magana, cewa za su yi sauti ya lalace."

Wannan ta harbe ni da ita, domin gaskiya ta faɗa. Na bar kwafar littafinta na koma kwafar Ray, har na fara jin kunyar magana a fim, alhali mu mutane ne da habaici da gugar zana suke rabin zamanmu. Matar Bahaushe da aka yi wa haka ba lallai ta yi jawabi ba, amma da wuya ta rasa kalma guda da za ta jefa. Su ma na Bengal ɗin ba duka ne masu shiru ba. Daga baya Baba ya ba ni Meghe Dhaka Tara na Ritwik Ghatak, na 1960, daga labarin Shaktipada Rajguru, inda yarinyar da ta ƙarar da kanta wajen ciyar da danginta take kurma ihu a ƙarshe tana gaya wa yayanta ita fa tana son ta rayu, duwatsu suna amsawa. Shi bai ɓoye kukan a bayan kiɗa ba, kuma ya yi daidai a wurinsa.

Muka zauna da Hajiya a falonta, da littafin da jan biro. Na roƙe ta ta zaɓi layi ɗaya tak daga cikin shafi goma sha ɗayan, wanda in babu shi ba ta yafe ba. Ta daɗe tana juya takardu, ta tsallake duk waɗanda na zaci za ta ɗauka, masu hawaye da ambaton shekarun da aka yi tare. Ta sa yatsa a kan wani ɗan gajere da ban ma lura da shi ba. A fim ɗin, mijin yana shigowa ya same ta a rana tana taka keke, ya tsaya yana neman bakin magana. Ba ta ɗago ba, ta ciji zare ta tsinke, ta ce, "A ce musu su yi shafi biyu, bangon yana shan fenti."