Yadda na zaɓi hedifon ɗin jin kiɗa a ofishinmu na Jidda

Ina aiki a wani kamfanin shirya tafiyar Umara a unguwar Sharafiyya, nan Jidda. Daga Lahadi zuwa Alhamis aikin ke nan: shigar da bayanan fasfo, bin diddigin ɗakunan otal a Makka da Madina, daidaita motocin da za su ɗauko baƙi daga filin jirgi. Aiki ne mai son natsuwa, domin harafi ɗaya idan ya kauce a sunan mutum sai ya jawo masa wahala. Ni kuwa natsuwata da kiɗa take zuwa, musamman garaya da kukuma, wani lokacin kuma na 'yan Sudan.

Sai dai ɗaki ɗaya muke zaune, tebur na gogar tebur. Wanda ke dama da ni dattijo ne haifaffen Makka, kakanninsa daga ƙasar Hausa suka zo, kowa Baba yake ce masa. Baba ba ya sauraron kiɗa. Bai taɓa ce min in daina ba, amma na san haƙƙinsa ne kada abin da na zaɓar wa kunnena ya shiga nasa. Da wannan ma'aunin na shiga kasuwa, daɗin sauti ya zo daga baya.

Manyan hedifon masu rufe kunne iri biyu ne. Akwai mai buɗaɗɗen baya, wanda bayan kofinsa raga ce. 'Yar lasifikar da ke ciki gaba da baya take tura iska, to ragar nan tana barin sautin baya ya fice. Shi ya sa masu son kiɗa ke yabonsa, sautin yana da sarari, kunne kuma yana shan iska. Amma duk abin da kake ji na kusa da kai ma yana ji, hayaniyar waje kuma tana shigo maka yadda take. Na ɗaka ne, lokacin da kake kai kaɗai. Mai rufaffen baya kofinsa a toshe yake, yana tsare sautin a ciki, yana kuma rage na waje. Da irinsa mawaƙa ke rera waƙa a situdiyo don kada kiɗan ya koma cikin makirufo. Da na gane haka sai neman ya ragu da rabi.

Na leƙa Jarir da eXtra, manyan shaguna masu sayar da kayan lantarki, na zaga shagunan titin Falasɗinu. Abin da ya fi yawa a gaba shi ne marasa waya masu kashe hayaniya, irin su Sony WH-1000XM5 da Bose QuietComfort. Na gwada, kuma gaskiya fasaha ce mai ban sha'awa: ƙananan makirufo suna jin ƙarar waje, sai na'urar ta haɗa kishiyarta ta soke ta. Inda ta fi ƙarfi shi ne ƙara mai kauri da ba ta canzawa, kamar gurnanin na'urar sanyaya ɗaki ko na injin jirgin sama. Muryar mutum da ƙarar waya suna hawa da sauka, ba ta cinye su gaba ɗaya. Sannan, abin da da yawa ba su lura da shi ba, waccan fasahar kunnenka take wa aiki, ba ruwanta da abin da ke fita zuwa ga maƙwabcinka. Wannan aikin kofi ne da soson da ya zagaye kunne. Ga batir kuma da za a riƙa caji, ni kuwa a gaban kwamfuta nake wuni. Sai na karkata ga masu waya irin na situdiyo, waɗanda aka fi samu a shagunan kayan sauti.

Guda uku na tsaya a kansu. Sony MDR-7506 tun 1991 ake yin sa, mara nauyi ne, yana naɗewa, wayarsa mai murɗe. Audio-Technica ATH-M50x ana cire wayarsa a sauya, kofunansa kuma suna juyawa su kwanta a jaka. Sai Beyerdynamic DT 770 Pro, ƙirar Jamus, mai manyan kofuna da ke zagaye kunne ba tare da sun danne shi ba.

A nan ne Jidda ta sa baki. Wanda bai zauna a gaɓar Bahar Maliya ba zai ɗauka sanyin ofis ya wadatar. Ka fita sallar Azahar ka dawo da gumi a jiki, ka ɗora soson fatar roba a kunne, ka ga yadda zufa za ta taru a ciki. Na ga hedifon ɗin abokan aiki da fatar ta soma ɓarewa tana manne musu a wuya, laima da gumi ne ke cinye ta. Fatar roba ta fi toshe sauti, wannan haka yake. Soso mai karan-miski kuma ya fi barin kunne ya sarara, ko da yake yana ɗan rage toshewar. Na daɗe ina auna waɗannan biyun, domin mai awa takwas a kujera ba daidai yake da mai gwajin minti biyu a shago ba. Ƙarshe na zaɓi karan-miski, na ce zan biya bambancin da rage ƙarar sauti.

Akwai kuma tabarau. Ina sa gilashi, kuma hannunsa yana ɗaga soson ya bar 'yar kafa. Ta nan kaurin kiɗan ke zurarewa, ta nan kuma sautin ke fita. Duk mai gilashi ya gwada hedifon da gilashinsa a fuska. Hula ma haka: doguwar hularmu ba ta zama da bakan hedifon a bisa kai, tagiya ce ke shiga ƙarƙashinsa lafiya.

Batun om kuwa, wato ma'aunin turjiyar hedifon ga wutar lantarki, kada mai shago ya wuce da kai a kansa da sauri. DT 770 Pro, wanda na ƙare a kansa, yana zuwa da om 32, da 80, da 250. Mai 250 yana son na'urar ƙara ƙarfi kafin ya buɗe murya sosai, kwamfutar ofis ba lallai ta iya da shi ba. Mai 32 na wayar hannu ne, kuma da soson fatar roba yake zuwa. Na ɗauki mai 80, shi ne mai karan-miski da kwamfutata ke ɗauka ba wahala. Wayarsa mita 3 ce kuma ba a cire ta, sai na naɗe ragowar na ɗaure a ƙarƙashin tebur don kada ƙafar kujera ta taka. Sosonsa ana sayar da shi daban, in ya tsufa a sauya.

Ranar da na kawo shi na sa a kai, na kunna daidai yadda zan riƙa ji, na juya na ce, “Baba, don Allah ko kana jin wani abu?” Ya karkato, ya yi shiru, ya ce, “Ba na jin komai, ɗana. Amma ka bar wa sallama hanya.” Maganar ta zauna min. Ba na so baƙo ya shigo ya yi sallama in bar shi a tsaye, ko a tayar da iƙama a masallacin layinmu ina can cikin garaya. Wannan hedifon yana dusashe hayaniya ne, bai mai da ni kurma ba, kuma idan lokacin salla ya gabato nakan kashe kiɗan in sauke shi a wuya.

Wani amfanin da na gani daga baya shi ne na lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi zai iya sauraron sauti mai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) har awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Awa 40 kuwa kusan makon aiki ne cur. Da 'yan ƙananan na cikin kunne waɗanda ba sa toshewa, mutum ƙara sauti yake ta yi don ya danne surutun ofis. Yanzu da kofin ya tare min rabin surutun, ƙasa-ƙasa nake ji kuma kowane bugun tsirkiya yana fitowa. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: idan Baba ya kira ni da muryarsa ta kullum ban ji ba, to sautin ya yi yawa, sai in rage. Ranar Alhamis kafin in tashi nakan goge soson da ƙyalle mai ɗan danshi, in bar shi a kan tebur ya sha iska har Lahadi.