Harsashi ɗaya a wajen Daura

Watan jiya na miƙa kaki, shekara 35 ta cika ina aikin ɗan sanda. Yaran da na bari a ofis sun ce in rubuta musu abin da na koya. Da na zauna da biro, sai na ga duk abin da zan faɗa yana komawa dare ɗaya.

Ina kofur a lokacin. Hunturu ne, hazo ya rufe ko'ina, muna shinge a wata hanya wajen Daura wadda masu fasa-ƙwaurin mai ke bi su tsallaka Nijar. Mu huɗu ne da sufeto. Motarmu ta mutu tun la'asar, ba fitila, sai tocila biyu da itacen da muka gitta a titi. Wajen ƙarfe ɗayan dare wata Golf ta taho. Muka haska, direba ya rage gudu kamar zai tsaya, sai ya kauce ta gefen itacen ya taka mai. Ya riga ya wuce mu, babu kowa a gabansa, babu wanda ya nuna mana makami. Sufeto ya daka tsawa: "Kofur, fasa taya!" Na ɗaga bindiga na danna kunama sau ɗaya.

Ban sami taya ba. Harsashin ya huda but, ya ratsa kujerar baya, ya shiga cinyar wani yaro da ke barci a jikin kawunsa. Direban ya tsaya can gaba, ya fito yana salati, ya ce wallahi ya ɗauka 'yan fashi ne. Kuma gaskiyarsa. Mutum huɗu cikin hazo da rigunan sanyi, babu motar gwamnati a gani, ko ni ne ke tuƙin ba lalle in tsaya ba. Jarka ko ɗaya babu a motar.

Yaron ya rayu, amma da ɗingishi.

Washegari sufeto ya rubuta bayaninsa, ya ce shi bai ba da umarnin harbi ba. Sauran biyun suka ce iska ta hana su ji. Littafin ɗakin makamai kuwa ba ya ƙarya: na sa hannu a kan harsashi 30, na mayar da 29. Aka kulle ni a gadirum, aka gurfanar da ni shari'ar cikin gida. Na shiga da hujjata a baki, na ce, "Yallaɓai, umarni aka ba ni, kuma mutumin gudu ya yi." Jami'in da ke sauraro ya dube ni ya ce, "Lokacin da ka harba, ran wa ke cikin haɗari?" Na yi shiru. Ya maimaita. Na ce babu. Aka cire mini igiya, na koma kurtu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, ko da tsohuwar dokar harbi ta 'yan sanda ban yi daidai ba. Umarni na 237, wanda kowa ke kira Force Order 237, ya yarda a harbi wanda yake gudun kamu, amma sai in laifin da ake zarginsa da shi ya kai na hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 7 zuwa sama, kuma babu wata hanyar kama shi. Ƙin tsayawa a shinge bai kusa da wannan ba. Mu ne a bakin titi muka taƙaita dokar ta koma "wanda ya gudu a harbe shi", manya suna faɗa, ƙanana suna ɗauka. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ma, da wasu ke fakewa da shi, ƙarfin da ya zama dole daidai gwargwado ya ambata, bai ce a buɗe wuta kan duk wanda ya juya baya ba.

Sai daga baya, a wani kwas, na ji cewa tun 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idoji a Havana ta ƙasar Kuba. Ba a harbi mutum sai don kare rai, naka ko na wani, daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da faruwa. Ka bayyana kanka, ka yi gargaɗi in da hali. In ka raunata mutum ka nema masa magani nan take, a sanar da danginsa, ka kai rahoto. Sannan ga wadda ta fi taɓa ni: umarnin na gaba ba ya wanke ka in ka san haramtacce ne kuma kana da damar ƙi, shi ma mai ba da umarnin yana da nasa alhakin. A watan Oktoban 2019 Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da gyararren Umarni na 237 wanda ya matso kusa da waɗannan ƙa'idoji. Na yi murna, amma a ganina shekara 29 ta yi yawa ga maganar da ta shafi ran mutane.

Sufeton nan ya yi ritaya da babban muƙami. Mun haɗu sau biyu a wurin jana'iza, mun gaisa. Ina roƙon Allah ya cire mini abin daga zuciya, har yanzu bai fita ba. Ba igiyar nake kuka ba, na mayar da ita bayan shekara uku. Da ya tsaya ya ce "ni na ce ya harba", da yaran da suka zo bayanmu sun san cewa tsawar oga ma ana bin bahasinta.

Mahaifin yaron ne ya fi ba ni kunya. Na je asibiti na durƙusa na ce, "Baba, ni ne." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Ƙaddara ce, amma kada ka sake." Bai karɓi ko sisi a hannuna ba sai kuɗin magani, shi ma da ƙyar.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada ka tsaya shinge da dare babu alamar da za a gane ka daga nesa. Motar da ta wuce, ɗauki lambarta ka kira na gaba a oba-oba. Harbin iska ba wasa ba ne, abin da ya hau sama sai ya sauko. Ƙirga harsashinka da kanka kafin ka sa hannu, kuma ka rubuta bayaninka kafin wani ya rubuta maka.

Daga wannan dare zuwa ranar da na miƙa kaki, sau ɗaya tak na sake harbi da nufin mutum, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa motarmu wuta a dajin yammacin jihar. Da aka tambaye ni ran wa ke cikin haɗari, na lissafa mutum shida da sunayensu.

Yaron nan yanzu tela ne, yana da 'ya'ya uku. Shi ke ɗinka mini kayan Sallah.