Kafin ka taɓa kundin ƙungiya, karanta sashen gyaransa

Yawancin matasan da suka kammala karatun kimiyyar sinadarai suna shiga ƙungiyar masana fanninsu ne saboda takardar shaida da damar gabatar da bincike a taron shekara-shekara, kuma da zarar an rufe zaman laccoci aka buɗe zaman harkokin ƙungiya sai su sulale su fice. A wannan zaman da ake gudu ne ake yanke kuɗin da kowane mamba zai riƙa biya, da tsawon wa'adin shugabanni, da wanda ya cancanci kaɗa ƙuri'a. Ni ma haka na riƙa yi, har ranar da aka zaɓe ni sakataren wata ƙaramar ƙungiyar masana sinadarai, na karɓi ragamar aiki ba tare da na taɓa karanta kundin tsarin mulkinta daga farko zuwa ƙarshe ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ya faro ne daga kyakkyawar niyya. Mambobinmu da ke aiki a masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje masu nisa ba sa samun izinin zuwa taro, don haka na ga ya dace a ba su damar kaɗa ƙuri'a ta intanet. Na kawo shawarar a zauren taro bayan an riga an san 'yan takara, aka ɗaga hannu, aka amince, muka gudanar da zaɓe a kan sabuwar ƙa'ida. Kundinmu kuwa ya tanadi cewa sai an aika wa kowane mamba rubutaccen gyaran tun kafin ranar taro, kuma sai kashi biyu cikin uku na mahalarta sun yarda, ni kuma ban aika ba, ban kuma ƙirga hannuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Wanda ya faɗi zaɓe ya kai ƙorafi ga amintattu, wato waɗanda aka damƙa wa amanar ƙungiya a hukumance, suka soke gyaran da zaɓen gaba ɗaya, kuma gaskiya suka yi. Abin takaicin shi ne shawarar kanta ta ɓaci, domin tun daga lokacin duk wanda ya ambaci ƙuri'ar intanet sai a ɗauka wani ɗan takara yake wa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka duk gyaran da ya shafi zaɓe ku kawo shi lokacin da babu wanda ya san wa zai amfana da shi, ku kuma rubuta a cikinsa cewa zai fara aiki ne a zaɓe na gaba. Wannan sharaɗi ya fi muhimmanci idan gyaran na tsawaita wa'adi ne, domin shugaban da ya jagoranci zaman da aka ƙara masa shekaru ba zai taɓa wanke kansa daga zargin tazarce ba, ko da bai nema ba.

Daga baya na duba yadda manyan ƙungiyoyi ke yi, na ga cewa jinkirin da na ɗauka ɓata lokaci ne da gangan suka gina shi a tsarinsu. Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka, wato ACS, wadda aka kafa a 1876 kuma majalisar dokokin ƙasar ta ba ta takardar amincewa a 1937, tana da majalisar wakilai da rassa da sassan fannoni ke zaɓa, majalisar kuma tana zama sau biyu a shekara. A bisa al'ada ana gabatar da buƙatar gyara a zama ɗaya domin nazari, sai a zama na gaba a kaɗa ƙuri'a a kanta, idan kuma kundin tsarin mulki aka taɓa, sai an mayar da maganar ga mambobi baki ɗaya sun tabbatar. Shugabancinta ma a kan matakai yake: wanda aka zaɓa yakan yi shekara guda yana mai jiran gado, shekara guda a kan kujera, shekara guda kuma a matsayin tsohon shugaba mai ci gaba da zama a kwamitin gudanarwa. Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar wannan duka, amma ka'idar karanta gyara a zama ɗaya a yanke shi a zama na biyu ba ta cin ko kwabo.

Kuskurena na biyu ya shafi rajistar masu zaɓe. Kundinmu ya ce wanda ya biya kuɗin shekara ne kawai zai yi zaɓe, amma bai faɗi ranar rufe biya ba, ni kuma na bar ma'aji yana karɓar kuɗi a bakin zaure da safiyar zaɓe. Mutanen da ba a taɓa gani a taro ba suka zo da bashin shekaru suka biya nan take, kowa kuma ya san daga aljihun wa kuɗin suka fito. Ku tsayar da ranar rufe rajista, ku liƙa jerin sunayen a inda kowa zai gani da sauran lokacin yin ƙorafi, ku kuma damƙa zaɓen ga kwamitin da babu ɗan takara ko ɗaya a cikinsa. Sakataren da ke neman wata kujera bai kamata rajista ta kwana a hannunsa ba.

Ku kuma san iyakar abin da ɗaga hannu zai iya canzawa. A Najeriya akwai bambanci tsakanin Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Najeriya, CSN, da aka kafa a 1978 a matsayin ƙungiyar da mutum ke shiga da son ransa, da cibiyar ICCON wadda Dokar Soja mai lamba 91 ta 1993 ta kafa domin yi wa masu sana'ar rajista da kula da aikinsu. Abin da doka ta tanada ba taron mambobi ne zai sauya shi ba. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 sai ta kai gyaran kundinta ga hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ta amince, ƙa'idar reshe kuma ba ta saɓa wa kundin uwar ƙungiya. Haka abin yake a Birtaniya, inda ƙungiyar masana sinadarai ta RSC, wadda ta samu a 1980 daga haɗewar ƙungiyoyi huɗu, take neman yardar majalisar mashawartan masarauta kafin gyaran manyan ƙa'idojinta ya fara aiki.

Sauran magana ita ce rubuta bayanin zama. Lokacin da amintattu suka nemi shaidar cewa mahalarta sun kai adadin da kundi ya gindaya kafin taro ya halatta, ba ni da takardar sa hannu, abin da na rubuta kawai shi ne an amince da gagarumin rinjaye, kuma daga ka na rubuta shi bayan taro ya watse. Masanin sinadarai da aka koya wa rubuta awo a littafinsa a daidai lokacin da ya karanta shi ba shi da uzuri a nan. Ku sa kowa ya sa hannu yayin shiga, ku sake ƙirga mutane dab da kaɗa ƙuri'a domin wasu sukan fita salla ko cin abinci ba su dawo ba, ku rubuta lafazin gyaran kalma da kalma tare da sunan wanda ya gabatar da wanda ya mara masa baya, sannan ku rubuta yawan masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙaurace, shugaban zama ya sa hannu a kai kafin a tashi.